Muryar Lurwanu ta Rumbu

In kana son ka ga ɓacin raina, tare ni a kasuwar Karaye ka ce, "Ashiru, wai yaushe 'Yan Rumbu za su dawo?" Na gaji da tambayar nan, wallahi na gaji. Su dawo daga ina? Aikin Hajji muka tafi? Mutum ya gan ka rataye da kyamara kana bin bikin mutane kana ɗaukar hoto, ya san abin da ya faru sarai, amma sai ya danno maka wurin da yake ciwo don dai kawai bakinsa ya motsa. To bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji, daga nan a shafa min lafiya.

Mu uku ne. Ni ne mai fiyano da kwamfuta. Murja ce mai amshi, 'yar Kafin Dafga, ƙanwar matar yayana. Sai Lurwanu, shi yake ƙirƙirar waƙa, shi yake rerawa. Tare muka tashi da shi a Kurugu, danga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu, kuma tun yana yaro Allah ya yi shi da i'ina. Ba 'yar ƙaramar i'ina ba fa. In Lurwanu zai ce maka "sannu", sai ya runtse ido, ya doka ƙafa a ƙasa, jijiyar wuyansa ta miƙe, kai da kake jira har ka fara jin nauyi. Amma da zarar ya buɗe baki da waƙa, shi ke nan, ko gargada babu. Ni dai ban san yadda Allah yake tsara abinsa ba.

Saboda i'inar nan bai taɓa yarda a ɗauki maganarsa ba. Ba ya aika wa kowa saƙon murya a waya, sai dai ya rubuta. A wajen biki ni nake gaida jama'a, shi yana gefe yana murmushi. Ranar da wani gidan rediyo a Kano ya gayyace mu hira, ni da Murja muka yi ta zuba, shi kuwa kai kawai yake gyaɗawa kamar masu sauraro suna ganinsa. Mutane suka yi ta cewa girman kai ne da shi. Girman kai! Mutumin da in akuya ta tare masa hanya sai ya kauce ya ba ta wuri.

Sunan 'Yan Rumbu ba mu muka zaɓa ba, tsokana ce ta bi mu har ta zauna. Lokacin da muka fara ba mu da ɗakin gwaji. Ko'ina muka kunna kiɗa sai an aiko a ce akwai mara lafiya, ko ana karatu. A bayan gidanmu kuwa akwai wani ƙaton rumbun ƙasa na kakana, wanda aka daina zuba wa hatsi tun da aka koma ajiya a buhu. Wata rana Lurwanu ya shiga ciki neman ƙwan wata kaza da ta mai da wurin gidanta, yana ɗan rera abinsa, sai na ji daga waje muryar ta cika ta yi kauri. Na ce, "Kai, maimaita!" Ya maimaita. Washegari muka faɗaɗa ƙofar, muka share kashin ɓera, muka shimfiɗa tabarma. Mutum uku yake ci, gwiwa na gugar gwiwa. Don kar a yi da mu, ƙofar a buɗe take kullum, matar yayana Baraka tana zaune a bakinta tana ɓarar gyaɗa tana gadin ƙanwarta.

Makirfo ɗaya gare mu, mun rataye shi da igiya daga saman rumbun. Kiɗan fiyano yana fita ta wata 'yar sifika, batirin mota yana ba mu wuta. Da mun shiga nake danna ɗauka a kwamfuta, ba na kashewa sai mun fito, saboda Lurwanu ba ya rubuta waƙa. Zuwa take masa kamar atishawa, in ba a kama ta a lokacin ba ta tafi ke nan. Kiɗan ma ba na tsayar da shi ko da hira muke, don ya ce in yana jin bugun a kunnensa harshensa ya fi sakuwa. Gaskiya ne kuwa. A cikin rumbun nan kaɗai na taɓa jin Lurwanu ya ba da labari tun daga farko har ƙarshe, yana tuntuɓe yana tashi, mu kuma muna dariya har da riƙe ciki. Duk wannan ya shiga kwamfutata: waƙa, musu, dariya, kukan kaza, ƙas-ƙas ɗin gyaɗar Baraka, da kiɗa a ƙarƙashin komai.

In waƙa ta nuna, sai mu kai ta sitidiyo a Kano a sake ɗauka da kyau. A nan na fara faɗa. Waƙarmu ta farko ita ce "Gyaɗar Bana", ta saurayin da yake roƙon budurwa ta jira a cire amfanin gona. Mai sitidiyon ya zura muryar Lurwanu a na'urar nan da kowa yake sawa yanzu, ta fito siririya tana rawa tana ƙarar ƙarfe. Na miƙe tsaye na ce, "Malam, wannan ai sauro ne, ba mutum ba. Ina muryar da muka zo da ita?" Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗan ƙauye, kasuwa kake so ko ajiya? Duk waƙar da ba ta bi ta nan ba, ko mai shayi ba zai kunna ta ba." Na fara naɗe wayoyinmu za mu tafi. Lurwanu ne ya ja min riga, ya daɗe yana kokawa da kalmar kafin ya ce, "B-b-bar shi."

Abin haushin shi ne mutumin ya fi ni gaskiya. Kafin kaka ta wuce, masu tura waƙa a waya a kasuwar Karaye da ta Rogo suka ce ba abin da ake tambaya sai ita. 'Yan acaɓa suka ɗaura ta a babur. Ka wuce ta bakin rijiya ka ji 'yan mata suna yi:

Kande jira ni, gyaɗar bana ta yi ido,
Kar ki ji zancen mai babur, hayaƙi ne.

Sauran su amsa da amshin Murja, "Ina jira, amma kaka ba ta jiran kowa." A Jajaye an yi wani biki da mata suka tare motar amarya suka ce ba inda za ta sai an sake sa musu ita, har dangin ango suka fara kumbura. A wajen bikin ma ba da bakinmu muke yi ba, ta Kanon ake kunnawa a manyan sifiku mu kuma mu bi da baki muna taka rawa, kamar yadda kowa yake yi. Muka biyo da "Rogo Ba Nisa", muka biyo da "Kwalliyar Ranar Kasuwa", muka yi wasa har Funtuwa da Zariya. Shekara shida muna haka. Ba mu zama manya ba, kar in yi muku ƙarya, amma a ƙasar Karaye da Rogo ba gidan da ba a san mu ba, kuma Lurwanu ya yi wa ɗakin mahaifiyarsa rufin kwano.

Ita mahaifiyar tasa, Inna Hajo, ita kaɗai ce ba ta taɓa tsayawa ta ji mu ba. Shi ne ɗanta na fari, don haka ko sunansa ba ta faɗa, sai dai ta ce da ni "abokinka". Ba ta hana shi waƙa ba, ba ta kuma sa albarka a fili ba. In maƙwabta suka kunna mu, sai ta ɗauki tsintsiya ta koma bayan ɗaki. Amma duk ranar gwaji sai an miƙo ƙwaryar fura ta saman danga, da ludayi uku a ciki, ba a cewa daga wa. Lurwanu ya kurɓa ya yamutse fuska ya ce, "Yau tso-tso-tsohuwa fushi take, ku ji citta."

Shekarar da abin ya faru mun tara sababbin waƙoƙi a rumbu waɗanda ba mu taɓa yin irinsu ba. Ba yabon kai ba. Akwai wata ta mutumin da ya dawo daga cirani ya tarar an sare bishiyar ƙofar gidansu, ya kasa gane gidan. Ranar da Lurwanu ya fara rera ta, Baraka ajiye gyaɗa ta yi ta shiga share ido da gefen mayafi. Muka yanke shawara da an gama cirar gyaɗa za mu tafi Kano, kuma wannan karon na rantse ko dambe za a yi ba mai taɓa masa murya.

Ba mu je ba. Da hantsi ne, yana gayaunar Inna Hajo yana juya mata gyaɗar da aka cire aka shanya, ya sa hannu ƙarƙashin wani tuli, kububuwa ta sare shi a yatsa. Ya ɗaure hannun ya ci gaba da aiki, wai kar hankalin tsohuwa ya tashi. Sai da jini ya fara zubo masa ta dasashi sannan aka ɗauko shi a babur zuwa asibiti. An yi abin da za a iya. Washegari da la'asar ina riƙe da ɗaya hannun nasa, ya buɗe ido yana son ya gaya min wani abu, kalmar ta maƙale kamar yadda ta saba. Na ce, "Huta, Lurwanu, ka faɗa min anjima." Kafin a kira magariba ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar sadakar uku muna zaune a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, sai wani ɗan acaɓa ya wuce da "Gyaɗar Bana" ya ƙure mata ƙara. Baƙo ne, bai sani ba. Maza suka sunkuyar da kai. A cikin gida kuwa, Murja ce ta gaya min, wata mata da ake kira Tani, irin masu zuwa ta'aziyya da baki ba da zuciya ba, ta tafa hannu ta ce, "Oh ni, Allah sarki! Shi yana can kwance, ga shi ana ta aika masa da kaya. Ai an ce duk sanda aka kunna sai an ƙara masa azaba a kabarinsa." Ta faɗi abinta, ta ci wainar sadaka, ta yi tafiyarta. Har gobe in na hango ta a hanya sai na canja gefe, don ban yarda da bakina ba.

Tun daga ranar Inna Hajo ta daina cin abinci. Yayanta Kawu Hammawa, malami ne mai makarantar allo a Jajaye, ya zauna ya yi mata nasiha. Ya ce malamai ma sun saɓa a kan maganar, yaron nan mai sallah ne, bai zagi kowa a waƙa ba, bai yi batsa ba, kuma rahamar Allah ta fi ƙarfin tsoronmu. Ya ce ta bi shi da addu'a da sadaka. Ta ce to, amma abincin dai bai ciwu ba.

Bayan sadakar bakwai ta aiko a kira ni. Na same ta a tsakar gida a kan tabarma da carbi a hannu. Na durƙusa muka gaisa, ta yi min ya haƙuri, na yi mata.

Ta ce, "Ashiru, abin nan da kuka yi da abokinka, ina so a tattara shi a kashe."

Na ce, "Inna, wanda ya fita ai ya fita. Yana wayar mutane daga nan har Legas."

"Wanda za ku iya."

Muka yi wanda za mu iya. Ni da Murja muka bi kasuwar Karaye da ta Rogo rumfa-rumfa muna roƙon masu tura waƙa. Allah ya saka musu, ba wanda ya musa, a gabanmu suke gogewa, wasu har da ƙwalla. Muka ba da sanarwa a rediyo. Amma ni na san ɗiban ruwa da kwando muke yi. A hanyarmu ta dawowa ma sai da muka ji ta a wani shagon aski.

Da na koma na gaya wa Inna Hajo inda aka kwana, sai ta ce, "To na wajenka fa? An ce akwai wanda ba a fitar ba."

Na gyara zama na yi mata bayani dalla-dalla. Na ce na wajena ba waƙa ce kaɗai ba. Akwai hirarsa, akwai dariyarsa, akwai inda yake bismillah kafin ya sha furar da ake miƙo mana. Na ce a duk duniya ba inda maganar Lurwanu take sai a nan. Na ce, "Inna, ki bar min ko da maganar ce, in goge waƙar."

Ta ci gaba da jan carbi. Can ta ce, "In yana maganar, akwai kiɗa?"

Da ƙarya zan yi, a nan ne wurinta. Na ce, "Akwai, Inna. Ƙasa-ƙasa."

"Ana iya raba su?"

"Makirfo ɗaya ne ya ɗauka. Ba sa rabuwa."

"To a kashe." Ta ɗago ta dube ni, abin da ba ta cika yi ba. "Ɗan nan, ban yi masa komai ba yana raye. Ban ɗauke shi a gaban mutane ba, ban kira sunansa ba. Kuma a gonata abin ya same shi. Wannan kaɗai ya rage da zan iya yi masa. Ba zan sa ka rantse ba, na yarda da kai."

Wallahi da ta sa ni dafa Alƙur'ani da ya fi min sauƙi.

Da Murja ta ji, har gida ta zo ta same ni, ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ta jefa min memori a cinya ta ce, "Yaya Ashiru, juye a nan, sannan ka goge na kwamfuta a gabanta. Wa zai sani?"

Na ce, "Ni zan sani."

"Au, kai za ka sani! To ni fa? Muryata ba ta ciki? Shekara da shekaru ina shaƙar ƙurar rumbu, wa ya tambaye ni? Sababbin waƙoƙin nan ko kai ba ka haddace su ba. In ka goge, ka sake binne shi ne, mu ma ka haɗa da mu."

Na daka mata tsawa na ce ita ta haife shi? Ta ce ba ita ta haife shi ba, amma ita ta san inda yake jan numfashi a kowane baiti. Muka yi ta yi har sai da Baraka ta shiga tsakani. Murja ta tafi ta bar memorin a kan tabarma. Na yi kwanaki ina kallonsa, in ɗauka in ajiye, in ɗauka in ajiye. Duk sanda na kai hannu sai maganar Inna ta dawo min. Sai kuma in ce, to in abin da Tani ta faɗa gaskiya ne fa? Ni wane ne da zan yi caca da kabarin abokina don ina son jin dariyarsa? A ƙarshe na ba Baraka ta mayar wa Murja da abinta.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ɗauki kwamfuta na shiga gidan Inna Hajo. Kawu Hammawa yana nan. Na buɗe na nuna musu abin da muka ɗauka tun daga ranar farko. Na ce, "Inna, ko sau ɗaya ki ji kafin in taɓa." Kawu ma ya sa baki ya ce, "Hajo, ji ɗaya ba zai zama laifi ba." Ta juya fuska wajen danga ta ce, "Ban saurara yana raye ba, sai yanzu da zai cutar da shi? Yi abin da ya kawo ka."

Na yi. Ban yi rabi da rabi ba, na wanke kwamfutar gaba ɗaya yadda ake yi wa wadda za a sayar. Abin da ya ƙona min rai, ko daɗewa bai yi ba. Wani ɗan layi ya tafi daga hagu zuwa dama, shi ke nan. Inna ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Ta sa aka kawo mata kunu, ta shanye a gabanmu. Ni kuwa na fito na zaga bayan rumbu na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Murja ta yi watanni ba ta amsa gaisuwata. Da muka shirya, mun gwada sau ɗaya mu tuno sababbin waƙoƙin. Ita ta riƙe amshi, ni na riƙe kiɗa, amma baitocin sun tafi da mai su. Sai in buga, mu yi shiru daidai tsawon inda zai rera, sannan ta amsa. Ba mu kai ƙarshen ta farko ba ta tashi ta sa takalminta. Na sayar da fiyano na sayi kyamara, na cika kwamfutar da bidiyon bikin mutane. Ƙarshen 'Yan Rumbu ke nan, ga masu tambaya.

Damina ta zo ta wuce, aka sake cirar gyaɗa. Sai ga aike daga Inna Hajo. Na same ta ta rame amma da ƙwarinta, tana tsintar wake a faifai. Muka gaisa, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi aiki, har babur ɗina sai da ta tambaya. Na san akwai magana, don Inna ba mai dogon zance ba ce.

Can ta ce, idonta a kan faifai, "Ina ganin abokinka a mafarki."

Na ce, "Allah ya sa alheri ne, Inna."

"Lafiya lau nake ganinsa, da farar riga. Yana yi min magana, bakinsa yana motsi, amma ba na jin komai." Ta ture wata tsakuwa gefe. "Fuskar ban manta ba, ga hoto nan a ɗaki. Muryar ce. In na zauna zan tuno yadda yake sallama in ya dawo daga gona, sai in ji ta ƙaninsa, ko taka. Tasa ta ƙi zuwa."

Ta sake ture wata tsakuwar, sannan ta ci gaba.

"Abin nan da ka goge. Babu ɗan saura?"

"Babu, Inna."

"Ko kaɗan ba ka ɓoye ba?" Yanzu ta ɗago, har da ɗan murmushi, irin na mai lallashin yaro ya fito da abin da ya ɗauka. "Ba zan yi faɗa ba. Na san ku 'yan zamani, ba a ce muku bari ku bari duka."

Jama'a, ashe baiwar Allah nan zaune take tana fatan na ci amanarta. Na ce, "Inna, ai kin ce kin yarda da ni." Murmushin ya tafi a hankali. Ta ce, "Haka ne. Na faɗa."

Washegari na hau motar Kano da kwamfutar a jaka. Na bi masu gyara shago-shago, har da wanda aka ce ko wayar da ta faɗa rijiya yana fito da abin cikinta. Kowa ya duba sai ya tambaye ni me na zuba a kai bayan gogewar. In na ce bidiyon biki ne na shekara guda, sai ya rufe ya miƙo min abata. Na dawo na bi abokanmu da 'yan uwansa, ko wani ya taɓa ɗaukarsa yana magana ko da wasa. An samu bidiyo da yawa. Ga Lurwanu yana murmushi, ga Lurwanu yana gyaɗa kai, ni kuma ina gefe ina ta zuba surutun da ba wanda yake bukata.

Abu ɗaya ya rage, wanda muka sha rana muna roƙon a goge bai gogu ba. Ban ma sha wahalar nema ba, a wayar mai shagon unguwarmu na samu. Na koma na durƙusa a gaban Inna na gaya mata yadda na yi da masu gyara. Sannan na ce, "Inna, akwai wadda aka yi a Kano. Amma da kiɗa a ciki fa."

Ta kalli ƙofa, ta kalli carbinta. Ta ce, "Allah ya yafe mana ni da shi. Kunna, amma a hankali."

Na kunna "Gyaɗar Bana". Ta karɓi wayar da hannu biyu ta kara a kunne, ta rufe ido. Kiɗa ya shiga, waƙa ta fara. Ta jira. Baiti ya wuce, Murja ta amsa, wani baitin ya shiga. Ta buɗe ido ta ce, "Sai yaushe zai fara?"

Na ce, "Shi ne wannan, Inna. Tun ɗazu shi ne."

Ta mayar da wayar ɗaya kunnen, ta daɗe tana saurare. Sannan ta miƙo min. "A'a. Wannan ba ni na haife shi ba."

Kaji suka zo suna tsattsagar waken da ya zube, ba wanda ya kore su. Ni dai so nake ƙasa ta tsage in shige.

Sai ta ce, "Kai da kuka tashi tare, yi min yadda yake kirana."

Na ce, "Haba Inna."

"Yi min. Ba izgili ba ne, ni na sa ka."

Duk sa'anninmu a Kurugu ba wanda bai taɓa kwaikwayon Lurwanu ba sai ni, kuma na fasa wa mutane baki a kan haka ba sau ɗaya ba. Amma ranar na sunkuyar da kai, na ce, "I-i-i-inna."

Ta girgiza kai da sauri. "Ba haka ba ne. Shi ba a farko yake maƙalewa ba, sai ya kai tsakiya, ya ce In... In..." Ta tsaya, bakinta a buɗe. Ta sake gwadawa a hankali ita kaɗai, ta yi ta wannan hanyar, ta yi ta waccan. Sannan ta kamo hannun rigata ta ce, "Ko kuwa a farkon ne? Ashiru, a ina yake tsayawa?"

Na buɗe baki zan ba ta amsa. Na nema, na nema. Wallahi ni ma ban sani ba.